Katin asibitin babanka

Ɗana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magana. An sallamo 'yar ƙanwarka daga asibiti, har ta koma yi mini ɓarna a tsakar gida.

To, maganar katin babanka ce. Zazzaɓin yarinyar nan ba na sauro ba ne, ƙwayar cuta ce ta shiga jininta. Allurar farko ba ta yi komai ba. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta canza wata, kwana biyu yarinya ta nemi abinci. Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce shekara ashirin suna rubuta duk wanda cutar nan ta kama, a gida ko a gadon asibiti, da maganin da ya yi da wanda ya daina yi. Na ce ai cutar nan ce ta kashe mijina. Ta ce tana son ganin fayil ɗinsa, amma ɗakin ajiyarsu cike yake har rufi, sai da lambar kati za a gano shi.

Katin yana wurinka. Ƙanwarka ta ce wai ka ce a bar mamaci ya huta. Yana hutawa, ba a cikin kati aka binne shi ba. Na san abin da kake gudu, kada a ji cewa kafso na yi ta sayo masa bibbiyu a kemis har mako biyu kafin mu kai shi. Na riga na gaya wa likitar da bakina, ta rubuta. Ni ke ɗauke da wannan nauyi shekara goma sha ɗaya, ba kai ba. Yarinyar nan da takardun iyayen wasu ta tashi, da 'ya'yansu sun ɓoye da yanzu wata maganar muke yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In rabuwa da katin ne ba za ka iya ba, riƙe abinka, lambar kawai ka aiko. Na ce wa likitar ƙarshen wata zan kai mata da ƙafata, ko gwiwa ta yarda ko ba ta yarda ba. Ban yi ƙarya da ƙuruciya ba, kada ka sa in fara da furfura.

Ka gaishe da matarka, da mai sunan babanka, da auta.

Mahaifiyarka.