Babana Zai Haƙe Gonar Cittarsa Saboda Karatuna

Mama Afiniki, don Allah ki taimake ni da shawara kafin lokaci ya ƙure.

Ni 'yar Kwoi ce, ina aji uku a wata jami'a da ke bakin teku, ina karanta ilimin halittun teku. Ba shi na nema ba, shi aka ba ni, amma yanzu ya shiga raina. Kafin na zo nan, ruwan Matsirga da ke kusa da Kafanchan ne mafi girma da na taɓa gani. Yanzu muna shiga kwalekwale, mu auna gishirin ruwa, mu ɗebo laka mu duba abin da ke rayuwa a ciki. Bincikena ma a kan ƙaguwa zan yi shi.

Damuwata Babana ne. Manomin citta ne, kuma tun da cuta ta ruɓar masa da citta a ƙasa bai dawo daidai ba. Ya sa a ransa cewa kiwon kifi nake koyo. Na yi bayani har na gaji, shi dai a wurinsa ruwa ruwa ne, kifi kifi ne. Ranar sujadar godiya ta kaka ya miƙe a gaban ikilisiya ya ce 'yarsa za ta dawo ta ciyar da gari da tarwaɗa. Matan zumunta suka yi guɗa. Ni ina zaune, na rasa inda zan sa kaina.

Jiya ƙanena Kumai ya kira ni ya ce Baba ya kira gayya. Matasan coci za su zo bayan Ista su haƙa tafkuna a gonarsa ta bakin rafi, ita kaɗai ce cutar ba ta taɓa ba. Mamana har ta ware dawar kunun 'yan gayya. Ni kuwa ko tarwaɗa ɗaya ban taɓa kiwo ba, kuma aikin da nake so a bakin teku yake. In na hana, na kunyata shi a gari. In na yi shiru, gonar ta tafi a banza. Karatun ma ya daina shiga kaina.

'Yar Kwoi a bakin teku

AMSA

'Yata, gayya ana ɗaga ta, ba sabon abu ba ne. Gona kuwa in aka haƙe ta, citta ta gama zama a cikinta. Don haka maganarki ba ta jiran hutu.

Babanki ba rashin fahimta ke damunsa ba. Mutum ne da gona ta ba shi kunya, yana neman abin da zai riƙe. Ke ma kin yi masa bayanin abin da kike karantawa, amma ban ga inda kika faɗa masa inda za ki zauna bayan digiri ba. Wannan ce maganar da ba a yi ba.

Kada ki yi ta a waya. Ki shiga mota wannan makon, ki same shi shi kaɗai, ba a gaban Mamanki ko dattawan coci ba. Ki ce masa ba ki iya kiwon kifi ba, kuma ba ki yi alkawarin dawowa gida da zama ba. Idan kifin yake so da gaske, ku je Kafanchan tare wurin mai kiwon tarwaɗa, ya fara da tanki ɗaya a bayan gida. Gayyar kuma a juya ta zuwa shukar citta, kunun Mamanki ba zai yi asara ba. Surutun gari na ɗan lokaci ne.

Ki shirya, zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki bai ɗaga wayarki ba. Ni a ganina ba don tarwaɗa yake haƙa ramin nan ba, dalili yake nema da zai dawo da ke kusa da shi. Ki amsa masa wannan a hankali, amma kada ki yi masa ƙarya.

Ubangiji ya ba ki bakin magana, ya ba Baba damina mai albarka.

Mama Afiniki