Ƙwannafin da Na Yi wa Murna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Muna lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Na yi ɓatan wata biyu, na ɗauka ciki ne, sai na ajiye maganin olsata don kada ya taɓa cikin. Ƙwannafi ya taso kamar na haɗiyi garwashi, ni kuwa har murna nake yi masa, a zatona alamar ciki ce. Jiya likita ta ce barin maganin ne farat ɗaya. Babu ciki, al'adar ce ta fara bankwana.

Maigidan bai sani ba tukuna, har yanzu ko bokiti ba ya bari in ɗauka.

Hular jaririn da kika fara saƙawa, ƙarasa ta, Yaya. Wani zai sa.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki