Waƙar Yawun Tsando

Soroti, ranar Laraba

Zuwa ga Amoding, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a Tororo, kuma gwiwar nan ta bar ki kina barci. Nan kowa lafiya, sai dai tuwon geron da jikarki ke tuƙa mini, shi kam sai addu'a.

Tun damina na ji wata magana, na ƙi yarda. Wai Oketcho ne yanzu ke zama a kujerata a ɗakin gwajin da kike aiki, tun da na yi ritaya. Wannan bai dame ni ba, kujera ta gwamnati ce, ni kuma hannuna ya fara rawa, ba ya iya ciro jakar yawun ƙudan tsando ba tare da ya fasa ta ba. Abin da na ƙi yarda da shi, wai kina rera masa waƙarmu.

Kin san yadda muka same ta. Agogon ɗakin ya mutu a shekarun wahala, alhali dole mu auna lokacin da yawun tsando ke ɗauka yana farfasa ATP, ƙwayar nan da jiki ke ɗaukar ƙarfi da ita. Ke kika ce mu rera waƙar cocin da aka yi mana ranar aure. Ki ɗiga yawun mu fara, mu kai amin in zuba maganin, ruwan ya koma kore. Aka kawo sabon agogo, ba mu ko kalle shi ba.

Direban ɗakin ya faɗa mini, na ce giya ce. Matar fasto ta faɗa, na ce ai gulma sana'arta ce. Shi kansa Oketcho ya tare ni wurin jana'iza yana murmushi, wai ashe ina da mawaƙiya a gida na ɓoye. Na ce masa muryarsa ko kare ba za ta kora ba.

Kishi nake yi, Amoding, da furfurata da komai. Ki ba shi ƙudajen, ki ba shi ƙanƙarar da muke ajiye yawun a kai, amma ki sa ya kalli agogo.

Kada ki wahalar da kanki wajen neman wanda ya tabbatar mini. Ran Lahadi da muka yi waya kin manta ba ki kashe ba, na ji kina wanke kwanuka kina rera ta. Kin ƙara mata sauri. Ni ban taɓa rera ta haka ba, mutum ɗaya na sani mai gaggawar nan, wanda ke kan kujerata. Ke ce ta ƙarshe da ta faɗa mini.

Ki gaida 'yan coci.

Naki, mijinki,
Emuron