Azumin da Mushe Bai Karya Ba

Tawa, cikin bazara

Zuwa ga Yayana Ayuba, a Abijan,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Sauda da yara duka. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a shagonka. Mu nan da sauƙi. 'Yata Rahamatu ta koma ɗakin mijinta a Maraɗi, cikinta ya tsufa. Ta so ta zauna da ni bayan makoki, ni na matsa mata ta tafi. Zafi ya sauka sosai, da rana ko tabarma ba ta kwantuwa. Na gode da kiran da ka yi ta yi lokacin rasuwa, kuma ka yafe mini da ba na amsa maka da komai sai godiya. In na ɗauki waya, ɗana Ezekiyel yana gida yana ji. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, duk da ka san karatuna bai yi nisa ba. Nura direban motar albasa ne zai kawo maka.

An gaya maka maigidana ya rasu yana cikin azumi, kuma na san an faɗa maka shi kamar labarin daɗi. Ni zan faɗa maka yadda na gan shi, don abin da ya ɗauke uban yana bakin ƙofa yana jiran ɗan.

Ka tuna shekarun da aka tura shi koyarwa a lakkol, wato makarantar boko, ta Takanamat, inda kowa ke kiransa Mushe Bitrus, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan. Mu kaɗai ne Kirista a garin, kuma ba wanda ya taɓa cin mutuncinmu. A can ya yi abota da Sabo mai awon hatsi, wanda daga baya da muka dawo Tawa ya zama maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu. Wata rana cikin watan azuminsu suna zaune gindin dogon yaro suna dara, sai Sabo ya ji ƙanshin miya a hannun Mushe. Ya ce da jama'a wai su duba mai wayo, ya zaɓi addinin hutu, babu azumi, babu tashin asuba, sai waƙa ranar Lahadi a koma gida a ci tuwo, wai shi ma in ya tsufa can zai koma ya huta. Kowa ya yi dariya, har da Mushe. Wasa ne irin na abokai, shi ma yakan tsokani Sabo da abin da ya fi wannan. Amma da ya shigo gida ya ture akushi, ya ce mini ashe mutanen nan gani suke ba mu da Allahn da ake jin tsoro.

Daga nan gidanmu ya fara cika da dokoki, kaɗan kaɗan, har ban lura ba. Ranar Lahadi ba daka, ba shara, ba rediyo, yaro ba ya taɓa ƙwallo. Addu'ar safe da muke yi a ɗaki ya fito da ita tsakar gida, daidai lokacin kiran sallar asuba, da murya mai ƙarfi da ke tsallake katanga. Naman layya da Kaltumi matar Sabo ke aiko mana kowace shekara, muna ci muna godiya, wata shekara ya ce in mayar. Ni na ɗauki kwanon da kaina na kai mata, idona a ƙasa, ita kuma ta karɓa ta ce babu komai, ta tambaye ni lafiyar yara. Sai yanzu da nake zaune ni kaɗai na lura da wani abu. Duk dokar da ya kafa, wadda ake gani ko ake ji daga waje ce. Ba na ce munafuki ba ne, Yaya, Allah ya tsare bakina. Mutum ne mai tausayi, yana ƙaunar Ubangiji, na sha ganin hawayensa cikin addu'a ba kowa a wurin. Amma akwai wani ciwo a ransa, yana so a ce Kirista ma sun san wahala saboda Allah.

Da ciwon sukari ya kama shi, likita ya ja masa kunne a gabana, ya ce kada ya yi wasa da abinci da ruwa, balle a zafin garin nan. Da aka sanar da makon azumi da addu'a a majami'a, Fasto ya ce marasa lafiya su yi addu'a kawai, amma a gurguje ya faɗa, kamar mai neman wucewa. Mushe kuwa dattijon ikilisiya ne, a gaba yake zama. Sauran mutane suna buɗe baki da yamma, shi ya ce nasa ba ci ba sha, dare da rana. Na roƙe shi. Na yi kuka. Na ce ko ruwa kaɗai ya sha. Ya ce mini in daina zama abin tuntuɓe gare shi. Da na ga leɓensa ya tsage, yana magana tana karkacewa, sai na leƙa ta katanga na gaya wa Kaltumi. Sabo ya shigo da kwanon kunu a hannunsa, tsoho da furfura, ya durƙusa a gabansa. Ya ce masa ko a addininsu an ɗauke wa mara lafiya azumi, wai Allah ba ya bukatar ƙishirwar kowa, ya sha don darajar zaman tare. Mushe ya yi murmushi ya ce ya gode. Ni a lokacin ban gane ba, amma zuwan Sabo ƙara masa taurin kai ya yi. Yaya zai karya a gaban mutumin da ya ce addininsa na hutu ne?

Washegari ya faɗi a bakin zaure. Sabo da ɗansa suka ɗauke shi zuwa asibiti. An yi masa ƙarin ruwa, amma likita ya ce ƙodarsa ta riga ta gaza. Ya yi kwanaki yana tafiya yana dawowa. Ranar ƙarshe da hantsi ya buɗe ido sarai, ya gane ni, ya kama hannuna. Na sunkuya, ina zaton zai bar mini wasiyya a kan yara, ko ya ce in yi masa waƙar da yake so. Abin da ya tambaye ni shi ne, ko Sabo ya san da bakinsa bai sha komai ba, ruwan da aka sa masa ta jijiya ne ba da saninsa ba. Na ce ya sani. Ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Bai ƙara magana ba. Yaya, shekarun nan duka da muka yi tare, maganarsa ta ƙarshe ba a kaina ba ce, ba a kan yara ba, ba ma a kan Mai Cetonsa ba. A kan wasan da aka yi gindin dogon yaro ce. Sabo kuwa ya manta ya taɓa faɗin haka. Har yau in ya gan ni sai ya share ido da bakin rawani, kuma ban gaya masa ba, ba zan gaya masa ba.

Wajen jana'iza Fasto ya ce Mushe jarumin bangaskiya ne, ya gwammace mutuwa da ya karya alkawarinsa da Allah. Musulmin unguwa sun cika gida da gaisuwa, har daga Takanamat da Tabaram aka zo, waɗanda ya koyar. Na ji wasu suna cewa ashe Kirista ma suna azumi haka. Na dubi fuskar dattawanmu, na ga daɗin da maganar ta yi musu, har suna maimaita ta a tsakaninsu. Ban ga laifinsu sosai ba, mu kaɗan ne a garin nan, kowa yana so a gan shi da daraja. Amma gawar mijina ce suka sami darajar da ita.

Ezekiyel yana zaune a gaba yana sauraron wannan duka. Ka san shi da dariya da tsokana, shi ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa, shi ne ubansa ke yi wa faɗa kullum a kan ƙwallo ranar Lahadi. Ina jin faɗan nan ne ke cinsa yanzu. Ya rataye jitar, ya ce kayan duniya ce. Ya ɗauki dokokin ubansa duka ya ƙara nasa. Azumi yake yi ba ƙaƙƙautawa, wandonsa har ya fara zamewa. Kuma a lokacin jinyar ubansa, likita ya gwada jininsa ya ce shi ma sukarinsa ya hau, abin na gado ne, ya kiyaye. Samarin majami'a sun kewaye shi suna kiransa magajin Mushe. Yanzu ya ce kafin bikin tashin Almasihu zai fita bayan gari, wajen duwatsun hanyar Afala, ya ƙarasa azumin da ubansa bai ƙarasa ba, ba ci ba sha, shi kaɗai.

Na je wurin Fasto. Ya saurare ni, kuma na ga hankalinsa ya tashi da gaske. Ya kira yaron ya yi masa magana a hankali, ya ce ceto kyauta ne, ba a sayensa da yunwa. Ezekiyel ya mayar masa da maganar da ya yi da bakinsa a kan kabari, ya tambaye shi ko ranar ƙarya ya yi. Na roƙi Fasto ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya gyara maganar, ya ce zai yi shawara da dattawa. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce.

Da na rasa yadda zan yi, sai na zaunar da Ezekiyel na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, tambayar da ubansa ya yi mini a asibiti. Na yi zaton in ya ji zai farka. Yana kallon ƙasa ya ce zafin ciwo ne ya sa Baba magana. Na ce idonsa biyu, ya gane ni. Sai ya ɗago ya tambaye ni, wai so nake in ce ubansa ya mutu a banza ne? In na ce a'a, na tura shi duwatsu da hannuna. In na ce e, na kashe masa uba karo na biyu. Ya tashi ya fita, tun ranar ba ya haɗa ido da ni.

Kwanakin nan Innarmu nake ta tunawa, can gida Tsibiri. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, tana daka tana waƙa, ko Lahadi ce in baƙo ya zo sai ta hura wuta. Ka tuna in mun yi laifi muna ɓoyewa bayan rumbu, takan ce mu fito, an riga an biya mana tun a kan gicciye, abin da ya rage mu ce mun gode mu gyara hali. A kan wannan na girma, kuma ina jin har yanzu shi na gaskata. Amma ban iya sa shi a zuciyar mijina ba, ga shi ban iya sa shi a ta ɗana ba. Ina zuwa majami'a in zauna a baya, in ana waƙa bakina ba ya buɗewa. Addu'ata ta ƙare, abin da nake iya cewa kawai shi ne, Ubangiji kana gani.

Ga roƙona. Kai ne kawunsa, tun yana ƙarami maganarka yake ji. Na san hanya da nisa, ga gwiwarka, ban ce lallai ka zo ba. Amma ka kira shi. Kada ka yi gardamar ayoyi da shi, zai kayar da kai, ya haddace su fiye da Fasto. Ka ce masa kana bukatarsa a shago, ƙafarka ta hana ka tsayuwa, ya biyo Nura in zai sake zuwa Abijan. Wataƙila in ya je inda ba wanda ya san Mushe, ba mai kallonsa, zai iya cin abinci. Ba na sa rai sosai, gaskiya nake gaya maka. Na ga irin wannan kallon a idon ubansa, na san inda ya kai mu.

Akwai gorar ruwan nan da aka naɗe da buhu, wadda Mushe ke tafiya da ita lakkol. Kowace safiya nakan cika ta daga randa, in jiƙa buhun, in rataya wa Ezekiyel a babur ɗinsa ba tare da na ce komai ba. Ba ya cire ta, ba ya kuma yi mini faɗa. Da yamma in ya shigo nakan je in ɗaga ta in ji nauyinta. Jiya ma cike ta dawo.

Ka gaishe mini da Yaya Sauda, ka ce na ga zanen da ta aiko, Allah ya saka. Ka gaida Jamilu da Farida da ƙananan duka. Kaltumi tana gaishe ku, ita ke shigo mini da abinci ta zauna har sai na ci. Ku sa mu cikin addu'a, tunda tawa ta gaza. Gobe ma zan cika gorar.

Ƙanwarka,
Rebeka