Oba-obar Marigayi Yahya

Greensboro

Ousseini ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Lille, ya tuƙin jirgi? Na ba wani mai tafiya Faransa saƙonka: oba-obar da mijina marigayi Yahya yake riƙewa in zai tashi ƙaramin jirginsu daga wajen McLeansville, ko da rediyon jirgi zai mutu a sama. Tun rasuwarsa ban iya taɓa ta ba sai yanzu. Ita za ka riƙa tafiya da ita. Waccan taka ta roba, ka ba wani. Ban son musu, ka san halina.

Yayarka,
Fassouma

Lille

Yaya Fassouma,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya jiƙan Yaya Yahya. Na kunna ta, tana kamawa. Tawa kuma na ba wani ɗalibi a kulob ɗinmu na tuƙin jirgi kamar yadda kika ce. Asabar zan tashi zuwa bakin teku ni kaɗai. A sa ni a addu'a.

Naki,
Ousseini

Greensboro

Ousseini,

Sallama a gurguje. Kada ka tashi! Yau na haɗu da Sylvanus, abokin tuƙin Yahya, a Elm Street. Ina ba shi labarin kyautar da fara'ata, sai na ga ya ajiye kofinsa. Wai a nan Amurka tazarar da ke tsakanin tashoshin rediyon jirage kilohertz 25 ce, ku kuwa a Turai an raba kowace gida uku, 8.33. Tsohuwar oba-oba irin ta Yahya ba ta san waɗannan ƙananan tashoshi ba. Ka nemi hasumiyar filin jirgi ka rasa lambarta! Innalillahi. Ni da hannuna na raba ka da mai kyau. Je ka karɓo taka, ko ka ara. Kai ma da ka ce tana kamawa, me ta kama?

Fassouma

Greensboro

Ousseini,

Salamu alaikum, in kana gani. Asabar ta wuce, wayarka a kashe. Na kira kulob ɗinku, Faransancina ya gudu, matar ta yi ta cewa in sake kira. A wurin aiki na zuba wa wata tsohuwa gishiri a shayi. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Na binne miji, ba zan iya da kai ba. Ko kalma ɗaya ce ka rubuto.

Yayarka

Lille

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ki sha ruwa. Sai yau na ga saƙonninki, wayar na bari a kulob.

Lantarkin jirgin ya ɗauke a kan hanya, rediyo ya yi shiru. Oba-obar ta kasa kama hasumiya, kamar yadda Sylvanus ya faɗa. Tasha ɗaya ta rage mini, ta neman agaji, 121.5, wadda ba a raba ba. A nan aka amsa, aka saukar da ni a wani fili.

Tun ranar da na kunna ta na san ba ta dace da nan ba. Amma kin ce kin kasa taɓa ta sai saboda ni. Da wane baki zan ce miki kayan Yaya Yahya bai yi ba?

Ki yafe ni.

Ƙanenki,
Ousseini