Sansani Na Biyu

Zuwa ga mai ɗakina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya da mutanen gidanta. Allah ya ƙara mana haƙuri.

Kin ce in kwashe kayan ɗanmu kafin ki dawo. Na kwashe tufafi da littattafai. Kwamfutarsa ce ban taɓa ba, don a kunne ya bar ta ranar da ya yi fitar da bai dawo ba. Wasan yaƙin nan ne a kan allon, na dawakai da masu, wanda na ce da shi ɓata rayuwa ne, har muka daina magana. Ashe a cikinsa akwai wurin da mutum ke zana filin daga da kansa. Ya yi zane, bai adana ba. Batirin minti arba'in yake riƙewa. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, aikin ya tafi.

Na danna wurin adanawa, ta ƙi. Ta rubuta cewa taswirar yaƙi ba ta cika sai da sansani biyu, shi kuwa ɗaya ya kafa.

Ina cin abinci, tunda kin tambaya.

Naki,
Mijinki

Zuwa ga mai ɗakina,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar ciwon ƙafarki.

Shekara talatin ina aikin safiyo, ina awon filaye, amma sai da na kwana uku kafin na gane abin da nake kallo. Gidanmu ne. Katanga ta zama duwatsu, kwatar tsakar gida ta zama kogi, ya mai da kicin ɗinki gari mai rumbuna da rijiya, ba soja ko ɗaya a kusa. Na ɗauko abin awo na gwada. Kuskurensa bai kai taku ɗaya ba. Ban san ya iya ba.

Sansaninsa yana ɗakinsa. Tuta ta biyu tana rataye a bakin kibiyar allo, daidai kan ɗakin karatuna, inda hannunsa ya tsaya. Na sauke ta a nan. Sai na'urar ta yi tambaya: wannan sansani abokin gaba ne, ko abokin ƙawance? Ba za ta adana ba sai an zaɓa.

Jiya an ɗauke wuta minti talatin da ɗaya. Na zauna ina duban agogo. Ban ji komai ba, lissafi kawai nake yi.

Kin fi ni saninsa. Wanne zai zaɓa?

Naki,
Mijinki

Zuwa ga mai ɗakina,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, layi ɗaya: shekara biyu yana taku goma sha biyu daga ƙofata, me ya hana in tambaye shi? Goma sha biyu ne, na auna.

Na so in zaɓi ƙawance. Amma ban taɓa sa hannu a taswirar da ta saɓa wa abin da ke ƙasa ba, ba kuma zan fara da tasa ba. Na zaɓi abokin gaba. Ta adana.

Daga nan wasan ya fara da kansa. An ba ni mahaya da maharba, ban motsa ko ɗaya ba. Rundunarsa ta fito daga ɗakinsa, ta zagaye garinki ba ta taɓa komai ba, ta ƙetare kogi ta gadar da ya gina da hannunsa, ta nufo ƙofata. Akwai wurin da ake dannawa a rufe ƙofar ganuwa. Na bar ta a buɗe.

Sun shigo. Na zauna har suka gama, sannan na kashe kwamfutar.

Ɗakin ya zama yadda kika ce. Ki dawo duk ranar da kika ga za ki iya. Ki gaida Yaya.

Naki,
Uban yaron