Ranar da Inna Ta Ɗaga Kai

Bukan Sidi, Lafia.

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya? Yaya maigidanki da yara, da zaman Legas? Mu nan sai godiya.

Kin san tun rasuwar Baba, Inna ko ƙofar gida ba ta leƙawa. To, ranar Asabar matan zumunta suka ɗauki bas zuwa dutsen Eggon, shan iska kawai, na lallaɓa ta ta bi mu.

Muna fara hawa ta kama tsintar itace. Na ce, "Inna, yau ba aiki muka zo ba." Ta ce, "Haka kawai mutum ya sauko hannu wofi?" Da ƙyar na raba ta da damin.

A can sama ta zauna, ta daɗe tana kallon gonaki. Ta ce, "Tun ina yarinya nake hawa nan, ban taɓa ganin haka ba. A hawa idona na ƙasa, a saukowa kaya na kaina." Ta yi kuka, sannan ta cinye abincinta tas.

Ki sa gwiwoyinta a addu'a, don ta ce sai ta koma. A gai da kowa.

Ƙanwarki,
Laraba